Taimakon Ƙetare da Haƙƙin da Ke Wuyanmu



Tun a shekarar 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da shawara cewa kowace ƙasa mai wadata ta riƙa ware kashi 0.7 cikin ɗari na abin da take samu a shekara domin agaza wa ƙasashe masu tasowa, alhali kuwa har yau waɗanda suka cika alkawarin ba su da yawa, har ita Ingila, wadda ta mai da shi doka a 2015, ta sauko zuwa 0.5 a 2021.

Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin sadaka, wadda ake yi don Allah, da kyautar da mai ita ke sauraron tukuici, kuma galibin taimakon gwamnatoci na kashi na biyu ne, domin kowace daula maslaharta take bi. Duk da haka, wanda ya ga uwa zaune a bencin asibiti, goye da jariri, katinta a hannu, tana jiran maganin ƙanjamau wanda shirin PEPFAR na Amurka ke biya tun 2003, ba zai yarda a ce taimakon ba shi da fa'ida ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da Amurka ta dakatar da agajinta a Janairun 2025, sai matar nan ta rasa madafa, alhali shugabanninmu na Afirka sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za su ba kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, kuma akasarinsu ba su cika ba.