Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Fanshon Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi



Yau maganarmu kan 'yan'uwanmu ce masu aiki a ƙaramar hukuma: malaman firamare, direbobi, masu gadi, masu shara da masu karɓar haraji a kasuwa.

A shekarar 2004 gwamnatin tarayya ta kafa dokar fansho ta karo-karo, wato ma'aikaci ya zuba nasa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba nasa. Aka sabunta ta a 2014, inda ma'aikaci ke ba da kashi 8 cikin 100, mai aiki kuma kashi 10. Amma ƙaramar hukuma ba ta shiga tsarin sai jiharta ta yi tata dokar. Jihar Legas ta yi tata a 2007, har da ƙananan hukumomi. Wasu jihohin har yau ba su fara ba, don haka mai ɗan'uwa a wata jiha ya sa shi ya bincika.

Abin da ya fi shafarmu shi ne: kuɗin nan suna shiga asusu mai sunanka, a hannun kamfanin fansho da hukumar PenCom ta ba lasisi. Ko ka koma Katsina ko Sakkwato bayan ritaya, haƙƙinka na nan. Ba wanda zai hana ka don kai ba ɗan asalin gari ba ne.

Sai dai a kula da abu uku. Na farko, wanda ke aiki ba takardar ɗaukar aiki ta dindindin, sau da yawa ba ya cikin tsarin, ko ya shekara ashirin. Na biyu, ana iya cire kuɗi a albashi a ƙi zuba su. Ka riƙa karɓar bayanin asusunka kana gwadawa da takardar albashi. Na uku, suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya da na katin ɗan ƙasa, don kada magada su sha wahala.

Mai gudun riba kuma, tun 2021 akwai asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa. Sai ya nemi kamfaninsa ya mayar da shi can.

Duk wanda karatun takardun ya yi wa wuya, ya kawo su ajin yaƙi da jahilci, mu duba tare.

Allah ya sa mu gama lafiya. Wassalam.