Idan Uba Ya Sauya Hali Bayan Ya Manyanta

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani likitan ƙwaƙwalwa ya gabatar wa 'yan uwa matasa. A sha karatu lafiya.

Bayan sallama, likitan ya fara da cewa akwai wani ciwo da kan kama mutum galibi tsakanin shekara 45 zuwa 65. Ciwon yana cinye gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, inda kunya da tausayi da kamun kai suke. Ya ce wani likita mai suna Arnold Pick ne ya fara bayyana irinsa a birnin Prag a 1892.

Ya ce masana sun tsayar da alamominsa guda shida a 2011: zubar da kunya, mutuwar zuciya, rashin tausayi, maimaita abu ɗaya, haɗamar abinci musamman kayan zaƙi, da kasa tsara al'amura alhali mutum bai cika mantuwa ba. In uku suka haɗu, sai a fara zarginsa.

Likitan ya nuna takaicinsa cewa wani bincike a Amurka a 2011 ya gano kusan rabin masu wannan ciwo an fara ce masu taɓin hankali ne ko ciwon damuwa. Sannan ya kawo bambancin. Mai ciwon damuwa yana jin baƙin ciki, yana kuma kokawa. Shi kuwa wannan ko a jikinsa, iyalinsa ne ke kuka. Taɓin hankali yakan fara ne tun ƙuruciya, yakan kuma lafa ya dawo. Wannan kuwa kullum gaba yake yi.

Ya ci gaba da cewa tunda mara lafiyan bai san ya sauya ba, likita na dogara ne da bayanin na kusa da shi: yaushe abin ya fara, kuma ko an taɓa yin irinsa a dangi, domin wani lokaci ana gadonsa. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI kan nuna inda ta motse.

Daga ƙarshe ya ja kunnen 'yan uwa da cewa har yanzu ba a samu maganin warkar da shi ba, sai dai na sassautawa. Don haka dattijon da ya fara ɓaro zance ko ɓarnar dukiya, kada a yi saurin cewa ya lalace, kada a ɗaure shi, kada a kunyata shi. A kai shi asibiti, a tsare masa dukiyarsa da mutuncinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.