Kada Tausayi Ya Sa Mu Kwantar Da Tsofaffinmu



Kun dai san ni ba likita ba ne. Malaminmu na kimiyya ga shi nan zaune, shi ne shaida. Aikin gwamnati nake yi. Abin da zan faɗa, zaman jinya ne ya koya mini.

A shekarar 2022 kakata ta zame a banɗaki, ƙashin cinyarta ya karye can sama, dab da inda yake shiga ƙugu. Dangi suka ce a kira mai ɗori. Likita ya fahimtar da mu cewa karaya a wannan wuri takan yanke jinin da ke ciyar da kan ƙashin, saboda haka da wuya ya haɗe. Aka yi mata tiyata, aka sauya gaɓar da ta ƙarfe da roba, irin aikin da likitan Ingila John Charnley ya inganta a 1962.

Washegari da safe sai ga ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, ta ce, "Inna, yau za mu miƙe." Jama'a, saura kaɗan in kore ta! Tsohuwar da aka yanka jiya? Ta zaunar da ni, ta ce ba tashin ne abin tsoro ba, kwanciyar ce. Tsoho in ya daɗe a gado, jini kan daskare a jijiyoyin ƙafa, gudansa ya tafi huhu. Majina ta taru a ƙirji ta zama nimoniya. Gadon baya ya yi gyambo. Ƙarfin ƙafa ya zube cikin 'yan kwanaki. Aka ba Inna maganin rage zafi, ta zauna bakin gado, ta kama ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ta yi taku uku tana yi mana faɗa.

Wahalar ma a gida take, domin kowa ya zo gaisuwa sai ya ce, "Sannu Inna, ki kwanta ki huta." Muka ɗauke tabarma da kujera 'yar tsugunno, muka sa mata masai na zama, salla kuma a kan kujera, kamar yadda likita ya umarta na makonni shida. Kullum sai ta taka zuwa zaure sau uku. Wata na biyu bai cika ba, da sandarta ta je sunan maƙwabta.