Shirya Taro Sana'a Ce, Sai da Koyo



A da, rumfa da kujeru da lasifika sun ishi mai shirya taron 'yan kasuwa. Tun da annobar korona ta rufe zaurukan taro a 2020, al'amura suka sauya: rajista ta koma intanet, mai jawabi yana Dubai, masu sauraro suna Kano, Zoom ya haɗa su. Wanda bai naƙalci wannan ba, kwangila sai ta wuce shi.

Saboda haka, mu masu wannan sana'a, mu koyi tsara kasafin kuɗi, da neman masu ɗaukar nauyi, da rubuta yarjejeniya. Cibiyar NIHOTOUR tana koyar da karɓar baƙi. Baje kolin Kaduna kuwa makaranta ce ta gani da ido, mu riƙa zuwa da ƙannenmu.