Idan Maƙwabciya Kirista Ta Ce Za Ta Sa Ki A Addu'a

 Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai goyo ta gyara goyonta, ni dai kunne kawai nake ara.

Da yawanmu ba mu fita sai da lalura, asibiti ko biki ko gaisuwar mutuwa. Duk da haka muna haɗuwa da Kiristoci: nas a ɗakin haihuwa, malamar makarantar yara, mai kawo atamfa bashi, ko maƙwabciya a gidan haya. Wata rana ɗanki ba lafiya, sai ɗayarsu ta leƙo ta ce, "Maman Abba, sannu, zan sa shi a addu'a." Wata za ta ji daɗi. Wata kuwa gabanta zai faɗi, ta ce me za a je a yi da sunan ɗana? To yau wannan kalma za mu buɗe mu ga abin da ke cikinta.

A wurin Kirista, roƙa wa wani Allah aiki ne da addininsu ya ɗora musu. A Littafi Mai Tsarki, wanda aka fitar da cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932, suna karanta yadda Annabi Ibrahim ya tsaya yana roƙon a sassauta wa mutanen Saduma, yana rage adadin mutanen kirkin da za a samu a garin tun daga hamsin har ya sauko goma. Suna karanta yadda Ayuba ya roƙa wa abokansa da suka ɓata masa rai. Akwai kuma wasiƙar Bulus da ta umarce su su yi wa kowa addu'a, har sarakuna da masu mulki. Mafi nauyi a cikin koyarwar shi ne a yi wa wanda ya cuce ka addu'a. Ko kowa na iyawa, wannan kuma wata magana ce, ɗan Adam ai ɗan Adam ne.

Akwai wata uwa da Kiristoci ke yawan ba da labarinta, na san zai taɓa zuciyar duk mai ɗa saurayi. Sunanta Monika, 'yar Afirka ce, daga garin da yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Mijinta mai zafin rai ne, ɗanta Ogastin kuma ga ƙwaƙwalwa ga taurin kai. Ya bar tafarkin da ta ɗora shi, ya ajiye mace ba aure har suka haihu. Da zai tafi Rum ta bi shi har bakin teku tana roƙon kada ya tafi, ya yaudare ta, ya bar ta tana addu'a da dare ya shiga jirgi ya gudu. Ba ta tsine masa ba, 'yan uwa. Shekara da shekaru tana kuka tana kai sunansa gaban Allah, daga baya ma ta bi shi har Italiya. A shekara ta 386 ya tuba ya koma addinin uwarsa, a shekara ta 387 kuma ta rasu. Shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman Kirista. Mu da muke saurin cewa "Allah ya isa" a kan ɗan da ya fasa mana kwano, sai mu ɗan yi tunani.

A nan Arewa, mata ne ƙashin bayan wannan aiki. Kun san 'yan Zumuntar Mata, masu ankon zane da ɗankwali, masu waƙa da kiɗan tulu. In sun taru a majami'a, akan kawo buƙatu: wance tana asibiti, wance ta daɗe ba haihuwa, ɗan wance zai rubuta jarrabawa. Sai a ambaci suna a roƙa, wani lokaci har da azumi, sannan a tashi wasu su je dubiya. Abin da ake yi da sunan ke nan. Lokacin da aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok cikin Afrilun 2014, da yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wato EYN. 'Yar uwar wannan coci a Amurka ta rarraba sunayen yaran ga majami'unta, kowace ta riƙe sunan yarinyar da ba ta taɓa gani ba tana yi mata addu'a. Suna da ma rana guda a shekara, Juma'ar farko ta watan Maris, da matan Kirista na ƙasashe da dama ke addu'a a kan damuwar ƙasa ɗaya. Ta 2024 matan Falasɗinu ne suka tsara ta.

Kada kuma a ce na ce duk ɗaya ne. Kirista yana rufe addu'arsa da sunan Yesu, domin a aƙidarsu shi ne matsakanci tsakanin mutum da Allah. Musulmi kuwa ya ɗauki Annabi Isa, alaihissalam, bawan Allah ne kuma manzonsa. Wannan bambanci ne babba, kuma ɓoye shi ba ya ƙara zumunci. Su ma a tsakaninsu ba su haɗu a komai ba: 'yan Katolika suna neman Maryamu da waliyyansu su taya su roƙo, suna kuma yi wa matattu addu'a, 'yan ECWA da Baptis ba su yin haka.

To me za ki ce mata? A ganina "na gode, Allah ya saka da alheri" bai rage miki komai ba. Ba ta ce ki bar sallarki ba, ta ba ki abin da ta fi ɗauka da daraja ne. Ke ma kin san hadisin da ya nuna cewa mai yi wa ɗan uwansa addu'a a bayan idonsa, mala'ika na ce masa amin, shi ma ya sami irinta. In ta gayyace ki wurin taron addu'a, ko ta ce za ta kawo fasto gida, ki ce mata a'a cikin ladabi, ki kuma sanar da maigida. Wanda ya ce sai an biya kuɗi kafin ya roƙa miki Allah, ko da wace riga ya zo, ki riƙe jakarki.

Abu ɗaya da za ki kiyaye shi ne sirri. Tun da a gaban jama'a ake kawo buƙata, in matsalar ta cikin ɗaki ce, kamar rikicinki da maigida ko ciwon da ba ki so a sani, ki gaya mata tun farko: "Ki roƙa ke kaɗai, kada ki ambaci sunana a taro." Sun san wannan, suna da buƙatar da ake kawowa ba a faɗi suna ba.

Lokaci ya cimmana. Mai tuwo a wuta ta je ta duba, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.