Littafin Marasa Lafiya da Rijiyar Gari

Laccar wannan wata a kan ƙidayar marasa lafiya ce, da abin da takan jawo wa ƙauye.

Manya ba su manta da kurkunu ba. Yakan kwantar da magidanci da damina, gona tana jiransa. Tsakanin 1988 da 1989 aka bi ƙauyukan Nijeriya ana ƙirga masu fama da shi. Aka samu mutum fiye da 650,000 a ƙauyuka kusan 6,000. Da can kowa ya san akwai kurkunu, amma hukuma ba ta san inda ya fi tsanani ba.

Sai aka zaɓi mutum a kowane ƙauyen da cutar take, aka ba shi littafi. Duk wanda tsutsa ta fito masa, a rubuta. Ƙarshen wata a kai lissafin ƙaramar hukuma, daga can a wuce da shi jiha. Da wannan lissafi aka san garin da za a fara raba wa ƙyallen tace ruwa, da tafkin da za a zuba wa magani, da inda ya kamata a haƙa rijiyar burtsatse. Janar Yakubu Gowon da kansa ya riƙa shiga ƙauyuka yana roƙon hukumomi su samar da ruwa. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi.

To, aikin ƙidaya bai ƙare ba. Kuɗin ƙaramar hukuma ba ya isar kowane gari a shekara ɗaya. Idan an zauna tsara kasafi, kansilan da ya zo da lissafi a rubuce ya fi wanda ya zo da kuka kawai. Garin da yara ashirin suka kamu da amai da gudawa, amma ba a kai rahoto ba, a takarda lafiyarsa lau. Rijiyar da ta dace da shi sai ta tafi wani wuri.

Abin takaici, wata uwa takan ɓoye yaro mai ƙyanda a ɗaki, don kada a sani. Kafin labari ya isa asibiti, cutar ta zagaye unguwa.

Akwai jami'in da aikinsa shi ne bin diddigin cututtuka a ƙaramar hukuma. In an ga ƙyanda, ko sanƙarau, ko amai da gudawa, ko yaron da ƙafarsa ta shanye farat ɗaya, a gaya wa mai unguwa da malamin asibiti a ranar. Ɗalibin yaƙi da jahilci zai iya riƙe wa dagaci littafin. Ya rubuta suna, da shekaru, da unguwa, da ranar da ciwon ya fara.