Ƙwayoyin ƙarin ƙarfi da masu cutar sida: jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikata



Tun daga 1996, da aka fara haɗa magunguna uku don danne ƙwayar cutar sida, masu ɗauke da ita suna rayuwa har su tsufa. Amma tsawon rai ya zo da wata matsala: jikin wasunsu yakan daina jin insilin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Sukarin sai ya taru a jini, kuma wannan ita ce hanyar ciwon sukari.

Dalilan sanannu ne. Ƙwayar cutar kanta tana da hannu, haka ma tsofaffin magunguna irin su stavudine. Dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa a gaba a 2019, ya fi su sauƙi, amma yakan sa wasu ƙiba.

A nan ne masu tallar magani suka samu kasuwa. A tasha da bakin kasuwa ana sayar da bitamin, man kifi da garin zogale, ana cewa suna wanke sukari. Man kifi yana rage wani nau'in kitse a jini, amma bai gyara jin insilin ba. Zogale kuwa abinci ne mai kyau, ba madadin magani ba.

Ga inda haɗarin yake. Kalsiyom, manyeziyom da ƙarfen da ke cikin ƙwayar ƙarin jini suna kama dolutegravir a hanji, su hana shi shiga jini. Ƙa'ida ita ce a sha dolutegravir awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Wanda bai sani ba, da kuɗinsa zai raunana maganin da ke riƙe da ransa.

Saboda haka a auna jini da safe kafin a ci komi. In sukari ya kai giram 1,26 a lita har sau biyu, ciwon ya tabbata. A rage lemun kwalba da shayi mai sukari, a yawaita tafiya da ƙafa. Duk ƙwayar da aka saya, a nuna wa likita.

Ku ƴan kasuwa, kada ku sayar da abin da ba ku san aikinsa ba. Ku ma'aikata, ku tambayi magabata: wa ke binciken abin da ke shigowa ta iyakokinmu da sunan magani?

 Allah ya ba mu lafiya.